Yadda Siffar Ƙwayar Zarra Ta Riƙa Sauyawa a Hannun Masana: Tambayoyi da Amsoshi

Littattafan kimiyya na sakandare kusan jeri ɗaya suke kawowa: ƙwallon Dalton, kankanar Thomson, cibiyar Rutherford, zobban Bohr, sai gajimaren Schrödinger. Ɗalibai kan haddace sunayen su wuce, alhali abin da ya fi amfani shi ne sanin wane awo ne ya kayar da kowace siffa. A kan wannan aka gina amsoshin da ke ƙasa.

Tunda ido ba ya ganin zarra, me ake nufi da siffarta?

Faɗin ƙwayar zarra kimanin mita 10⁻¹⁰ ne, wato sai an jera miliyan goma kafin su cika milimita ɗaya. Abin da masana ke kira siffa zato ne mai lissafi: idan cikin zarra kaza yake, to in aka yi gwaji kaza, lamba kaza za a samu. Sai a yi gwajin. In lambar ta fito daidai, siffar ta ci gaba da aiki. In ta saɓa, kuma aka maimaita ta sake saɓawa, sai a gyara siffar ko a ajiye ta.

Wa ya fara cewa akwai zarra?

A Girka, Leucippus da almajirinsa Demokiritas, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ce in aka yi ta raba abu dole a kai ga ƙwayar da ba ta yankuwa. Kalmar atam daga nan ta samo asali, ma'anarta abin da ba ya yankuwa. Aristotal bai yarda ba, kuma maganarsa ce ta rinjaya a Turai na tsawon ƙarnoni. A Indiya ma mazhabar Kanada ta yi irin wannan tunani.

Wanda ya karanta tauhidi a zaure ya san wani reshe na wannan muhawara. Malaman Ash'ariyya, irin su Baƙillani da ya rasu a 1013, sun yi bayanin jauhari da aradi, da juzu'in da ba ya rabuwa, yayin da Ibn Sina ya musanta hakan. Kalmar zarra kanta daga Larabci muka aro ta. Sai dai duk waɗannan da hujjar hankali suka yi aiki, ba da ma'auni ba. Babu wanda ya faɗi nauyin zarra ko girmanta, don haka babu hanyar da za a raba gardamar.

To me Dalton ya zo da shi da ya bambanta?

Sikeli. Kafin shi, Lavoisier a Faransa ya nuna cewa nauyin abubuwa ba ya ƙaruwa ko raguwa in sun haɗu a rufaffen mazubi, Proust kuma ya nuna cewa kowane haɗi yana da ƙayyadadden rabo. John Dalton, malamin makaranta a Manchesta, ya lura da abu na uku a wajajen 1803, ya wallafa a 1808. Da lambobin yau: giram 12 na kabon yana haɗuwa da giram 16 na oksijin ya ba da iskar nan mai kisa da ke fita daga janareta, ko kuma ya haɗu da giram 32 ya ba da iskar da muke fitarwa a numfashi. Giram 16 da 32, ɗaya da biyu ke nan cif. Ba a samun 21 ko 27. Dalton ya ce wannan ba zai yiwu ba sai in oksijin ƙwaya-ƙwaya yake shiga, ɗaya ko biyu, babu rabi.

Daga nan ya kafa ƙa'idojinsa: kowane elimen, wato sinadarin asali irin kabon ko oksijin, zarrarsa iri ɗaya ce a nauyi, zarra ba ta rabuwa, kuma haɗuwar sinadarai sauya jeri ne kawai.

A ina ya yi kuskure?

A ruwa ya fara tuntuɓe. Awo ya nuna giram 1 na haidurojin yana tafiya da kimanin giram 8 na oksijin. Dalton ya ɗauka zarra ɗaya ce da ɗaya, sai nauyin oksijin ya fito masa kusan rabin gaskiya. Ruwa kuwa haidurojin biyu ne da oksijin ɗaya, don haka nauyin oksijin 16 ne. Avogadro ya nuna mafita tun 1811, amma ba a saurare shi ba sai da Cannizzaro ya farfaɗo da maganar a taron Karlsruhe na 1860. Da nauye-nauyen da aka gyara ne Mendeleev ya tsara jadawalinsa na elimen a 1869.

Ƙa'idojinsa biyu kuma daga baya suka faɗi: zarra tana rabuwa, kuma zarrar elimen ɗaya na iya bambanta a nauyi.

Shin daga Dalton kowa ya yarda zarra gaskiya ce?

A'a. Har farkon ƙarni na 20 manyan masana irin su Mach da Ostwald suna ganin dabarar lissafi ce kawai. Abin da ya kashe bakin yawancinsu shi ne rawar da ƙananan ɓarɓashi ke yi a cikin ruwa ba tsayawa, wadda Robert Brown ya gani a 1827. Einstein ya lissafa a 1905 yadda rawar za ta kasance in ƙwayoyin ruwa ne ke bugun ɓarɓashin, Jean Perrin kuma ya auna daga 1908, lissafi da awo suka dace.

Yaya Thomson ya gane akwai wani abu a cikin zarra?

Kayan aikinsa a Kambirij a 1897 bututun gilashi ne da aka zuƙe iskarsa, da ƙarafa biyu a ciki da aka ba wuta mai ƙarfi. Wani haske yana tashi daga ƙarfen da ke da cajin ragi, ya bi ta siririyar kafa, ya bar ɗigo mai ƙyalli a ƙarshen bututun. Aikin mataki uku ne. Na farko, a sa faranti biyu masu caji a hanyar hasken, a auna yadda ɗigon ya goce. Na biyu, a kunna maganaɗisu a daidaita shi har ɗigon ya koma inda yake, wanda hakan ke ba da gudun abin da ke tafiya. Na uku, daga gudun da gocewar a fitar da rabon caji da nauyi.

Akwai tarko a mataki na farko. Heinrich Hertz ya gwada shi tun da farko bai ga gocewa ba, har aka ɗauka hasken ba shi da caji. Matsalar ragowar iska ce a bututun: hasken yana mayar da ita mai ɗaukar wuta, sai ta rufe tasirin farantan. Da Thomson ya ƙara zuƙe iskar, gocewar ta bayyana.

Sakamakon ya nuna ƙwaya mai cajin ragi, wato ilektiron, wadda ta fi zarrar haidurojin sauƙi fiye da sau dubu. Lambar da aka tabbatar yanzu ita ce sau 1,836. Ya sauya ƙarfen, ya sauya iskar, amsa ba ta sauya ba. Wannan ne ya nuna ilektiron yana cikin kowane irin abu. Cajinsa shi kaɗai Millikan ne ya auna daga 1909 da ɗigon mai da ke shawagi tsakanin faranti biyu. Da ruwa aka fara, amma ɗigon ruwa yana ƙafewa kafin a gama awo. Lambarsa ta ɗan gaza ta yau, kulom (ma'aunin caji) 1.602 × 10⁻¹⁹, saboda adadin kaurin iska da ya yi lissafi da shi ba daidai ba ne.

Me ya sa ake kamanta siffar Thomson da kankana?

Zarra ba ta da caji in an haɗa duka, don haka dole akwai cajin ƙari da ke soke na ilektiron. A 1904 Thomson ya ce cajin ƙarin ya bazu ko'ina cikin ƙwallon kamar jan naman kankana, ilektiron kuma suna ciki kamar 'ya'yanta. Turawa da wani abincinsu mai zabibi suka kamanta shi. A shekarar nan Hantaro Nagaoka na Japan ya kawo siffa mai ƙatuwar cibiya da zobe kewaye da ita, amma ba ta samu karɓuwa ba a lokacin.

Yaya aka yi gwajin takardar zinari, kuma me ya nuna?

Wannan gwaji ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi aka fi kawowa a jarrabawa kuma shi aka fi ba da labarinsa a karkace. Ba Rutherford ne ya yi shi da hannunsa ba. Hans Geiger da Ernest Marsden, wanda ɗalibi ne a lokacin, su suka yi a ɗakin gwajinsa na Manchesta a 1909.

Kayan aiki huɗu ne: tushen ƙwayoyin alfa daga radiyom, takardar ƙarfe siririya, allo mai shafen sinadarin da ke ƙyalli duk lokacin da ƙwaya ta same shi, da madubin ƙara girma. Ƙwayar alfa tana da cajin ƙari biyu, kuma ta fi ilektiron nauyi kimanin sau 7,300. An zaɓi zinari ne saboda yana buguwa ya yi siriri ƙwarai, kaurin takardar kimanin santimita 0.00004, wato jerin zarra dubu da ɗoriya. Ba na'ura ce ke ƙirga ba, ido ne. Sai mai awo ya zauna cikin duhu har idonsa ya saba, sannan ya riƙa ƙirga tartsatsi ɗaya-ɗaya.

In siffar kankana gaskiya ce, babu abin da zai iya juya alfa sosai. Ilektiron sun yi sauƙi, cajin ƙarin kuma ya bazu ya yi rauni. Yawancin ƙwayoyin kuwa sun wuce kusan a miƙe, kamar yadda aka zata. Amma ƙalilan sun juyo baya: kimanin ɗaya cikin 8,000 a kan filatinam, kimanin ɗaya cikin 20,000 a siririyar takardar zinari. Rutherford daga baya ya kamanta abin da a harba harsashin igwa a kan takarda mai laushi ya dawo ya sami mai harbin.

Ya ɗauki kusan shekara biyu kafin ya fitar da bayani a 1911: duk cajin ƙari da kusan duk nauyin zarra suna dunƙule a cibiya ƙanƙanuwa. Abin da ya mayar da wannan ilimi, ba hasashe ba, shi ne ya lissafa ƙwaya nawa ya kamata a gani a kowace kusurwa, Geiger da Marsden kuma suka tabbatar da lissafin a 1913.

Girman kuwa, in cibiyar zarrar zinari ta kai ƙwayar gyaɗa, bakin zarrar yana nesa da ita da kimanin mita 100 ta kowane gefe.

In haka ne, me ya hana a tsaya a kan siffar Rutherford?

Dokokin lantarki da aka riga aka tabbatar sun ce duk caji mai kewayawa yana fitar da haske, yana asarar makamashi. Lissafi ya nuna ilektiron zai zurma cikin cibiya a kimanin daƙiƙa 10⁻¹¹. Ga shi kuwa duwatsu da mutane suna nan ba su rushe ba.

Matsala ta biyu launi ce. In aka sa wuta a iskar haidurojin aka raba haskenta da gilashi mai kusurwa uku, ba bakan gizo cikakke ake gani ba, layuka huɗu ne rak: ja mai tsawon zango nanomita 656 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), tsanwa-shuɗi 486, sai 434 da 410 wajen shunayya. Balmer, malamin makaranta a Basel, ya samo dabarar lissafa su tun 1885 ba tare da sanin dalilinsu ba.

Me Bohr ya gyara?

Niels Bohr ɗan Denmak ya ce a 1913: ilektiron ba ya zama duk inda ya ga dama, matakai ne ƙayyadaddu kamar na tsani. Yana kan mataki ba ya fitar da haske, sai in ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa, kuma hasken yana ɗauke da bambancin makamashin matakan biyu daidai. A haidurojin, makamashin mataki na n shi ne −13.6 a raba da n², a ma'aunin makamashi na eV (ilektiron-bolt).

Ga yadda ake gwada shi da biro. Mataki na 3: −13.6 ÷ 9 = −1.51. Mataki na 2: −13.6 ÷ 4 = −3.40. Bambanci 1.89. A raba 1,240, lambar da ke mayar da eV zuwa tsawon zango a nanomita, da 1.89, sai a samu 656, jan layin nan da aka auna shekaru kafin Bohr ya fara karatu. Daga mataki na 4 zuwa na 2 bambancin 2.55 ne, yana ba da 486. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne manta ninka n da kansa, ko ruɗewa da alamar ragi. Alamar tana nufin ilektiron a ɗaure yake, sai an ba shi 13.6 kafin ya kuɓuce daga mataki na farko.

A 1914 Franck da Gustav Hertz a Jamus suka ga tururin zaiba yana karɓar makamashi ne a dunƙule, eV 4.9 daidai, wanda ya ƙarfafa batun matakai.

Akwai abin da mutum zai gani da idonsa a gida?

Akwai. A barbaɗa ɗan gishiri a kan shuɗiyar wutar gas, za ta koma ruwan ɗorawa. Wannan hasken sodiyom ne, nanomita 589. Kanwa ma haka take yi, domin sodiyom ne ya fi yawa a cikinta. Wayar tagulla da ta yi tsatsa takan ba da kore. In koren bai fito ba, sau da yawa gumin hannu ne ya taɓa wayar, kuma sodiyom kaɗan ya isa ya danne kowane launi. A riƙe ta da filaya, ba da hannu ba. Haka kuma in aka karkata faifan CD ga doguwar fitilar nan mai farin bututu, za a ga launuka a rarrabe, ba a haɗe kamar na hasken rana ba.

To ina siffar Bohr ta gaza?

Da zarar ilektiron ya kai biyu. Ko hiliyom ba ta iya lissafawa daidai ba. Ba ta faɗi me ya sa wani layi ya fi wani haske ba, ba ta gama bayanin rabuwar layuka a gaban maganaɗisu ba, kuma ba ta ce komai mai gamsarwa kan yadda zarra biyu ke ɗaurewa ba. Sommerfeld ya yi mata kwaskwarima a 1916 da zagaye mai siffar ƙwai, ta ɗan ƙara tafiya. Babbar matsalar ita ce Bohr ya shimfiɗa dokar matakai ne don ta dace da awo, bai nuna daga ina ta fito ba.

Mene ne gajimaren ilektiron?

A 1924 Louis de Broglie ya ce ilektiron yana da halin igiya. Tsirkiyar garaya sautuka ƙayyadaddu take bayarwa saboda an ɗaure ta gefe biyu. Igiyar da cibiya ta riƙe ita ma siffofi ƙayyadaddu za ta iya ɗauka, kuma matakan Bohr ke nan sun fito da kansu. Davisson da Germer a Amurka sun tabbatar da halin igiyar a 1927 da ƙarfen nikel, G. P. Thomson, ɗan Thomson mai siffar kankana, ma haka a Birtaniya. Uba ya sami kyautar Nobel a 1906 kan aikin da ya nuna ilektiron ƙwaya ne, ɗansa ya same ta a 1937 don ya nuna igiya ne.

Heisenberg a 1925 da Schrödinger a 1926 suka kawo cikakken lissafin. Max Born ya fassara amsar: tana faɗin yiwuwar samun ilektiron a kowane wuri ne, ba hanyar da yake bi ba. Zanen obital, wato gajimaren ilektiron, da ke cikin littafi iyaka ce da aka shata inda yiwuwar ta kai kimanin kashi 90 cikin 100. Ba bango ba ne, kuma ilektiron ba ya yawo a samansa kamar ƙuda a kan ƙwarya. Abin sha'awa, a matakin farko na haidurojin, nisan da aka fi samun ilektiron shi ne nanomita 0.053, daidai lambar da Bohr ya samu.

Yaushe furoton da niyutiron suka shigo?

Moseley ya nuna a 1913, da hasken eksire, cewa cajin cibiya ne ke tsara jadawali, ba nauyi ba. Shi ya sa agon ke gaban fotasiyom duk da ya fi shi nauyi. Ya kuma nuna guraben 43, 61, 72 da 75 babu kowa, daga baya aka cike su. An kashe shi a yaƙin Galifoli a 1915. Rutherford ya fitar da cibiyar haidurojin daga naitirojin, ya wallafa a 1919, aka sa mata suna furoton.

Saura lissafi bai cika ba: hiliyom cajinsa 2, nauyinsa 4. An daɗe ana zaton furoton huɗu ne da ilektiron biyu a cibiyar. A 1932 Irène Curie da mijinta Joliot suka ga wani haske daga beriliyom yana fizgo furoton daga kakin farafin, suka ɗauka hasken gama ne. James Chadwick ya ga cewa makamashin da hakan ke buƙata ya yi yawa ƙwarai. Ya auna yadda abin ke tura haidurojin da naitirojin, ya samu ƙwaya marar caji mai nauyi kusan na furoton, wato niyutiron.

Niyutiron ne ya bayyana aisotof, wato zarrar elimen ɗaya masu bambancin nauyi. Kulorin yana da furoton 17 kullum, amma kimanin kashi uku cikin huɗu nauyinsa 35 ne, ragowar 37. (35 × 3 + 37) ÷ 4 = 35.5, lambar da ke jadawali. Yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit ma haka: furoton 92 duka, amma kashi 0.7 cikin 100 ne kawai mai nauyi 235, wanda shi ne ke saurin tsagewa a tashar nukiliya.

Dokar 2, 8, 8 gaskiya ce ko ƙarya?

Gaskiya ce har elimen na 20. Kowane ɓawo, wato matakin ilektiron na n, yana iya ɗaukar ilektiron 2n², wato 2, 8, 18, 32, kuma a cikinsa akwai ɗakuna: s mai ɗaukar 2, p 6, d 10, f 14. Pauli ya kafa a 1925 cewa obital ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ilektiron biyu. Ɓawo na uku yana dakatawa a 8 ne saboda 4s (ɗakin s na ɓawo na huɗu) yana cika kafin 3d (ɗakin d na ɓawo na uku), shi ya sa fotasiyom yake 2, 8, 8, 1, ba 2, 8, 9 ba. Daga elimen na 21 sai a koma cika na uku: ƙarfe 2, 8, 14, 2 ne. Kuromiyom da tagulla suna karya ko wannan jerin, kowannensu ilektiron ɗaya ne a 4s.

Me ya sa har yanzu ake koyar da siffofin da aka san sun gaza?

Saboda kowace tana aiki a iya hurumin da aka gwada ta. Mai daidaita lissafin haɗuwar sinadarai ƙwallon Dalton ya ishe shi. Mai son sanin dalilin da sodiyom ke sakin ilektiron ɗaya, zobban Bohr sun wadatar. Siffar molekul (haɗin zarra biyu ko fiye), launin sinadarai da aikin farantin sola kuwa sai da obital. A jarrabawar WAEC ko NECO, amsa mai kyau kan kowace siffa tana da abu uku: me ta ce, wane gwaji ya goyi bayanta, wane ya kayar da ita.

An kai ƙarshe ke nan? Kuma an taɓa ganin zarra kuwa?

Furoton da niyutiron ma ba su ne ƙarshe ba. Gell-Mann da Zweig sun ce a 1964 kowannensu ƙananan ƙwayoyi uku ne da ake kira kwak, kuma daga 1968 a Stanford aka maimaita dabarar Rutherford da ilektiron masu tsananin gudu, aka ga suna karo da ƙananan abubuwa a cikin furoton. Ilektiron dai har yanzu ba a ga alamar wani abu a cikinsa ba.

Batun gani kuwa, hasken da ido ke gani zangonsa ya fi zarra tsawo sau dubbai, don haka madubin gilashi ba zai taɓa nuna ta ba. Lalube ake yi. Binnig da Rohrer sun ƙera na'ura a Zurik a 1981 mai tsinin allura da ke bin saman abu a tazarar da ba ta kai nanomita ɗaya ba, tana auna 'yar wutar da ke tsallakawa, kwamfuta kuma ta mayar da awon hoto. Girgiza kaɗan, ko ta takun mutum, tana ɓata aikin, shi ya sa ake ɗora na'urar a kan abin da ke shanye motsi. Da irinta ne aka jera zarra 35 na iskar zenon ɗaya bayan ɗaya a kan nikel mai tsananin sanyi a 1989, aka rubuta IBM.